Wace Jami'a Ce Ta Fi Wuyar Shiga? Duba Ma'aunin da Ake Auna Manyan Jami'o'in Duniya da Shi

Tsakure

Duk shekara jaridu kan jera manyan jami'o'in duniya bisa kason masu neman shiga da suka samu gurbi, sai a ce wadda kasonta ya fi ƙanƙanta ita ta fi wuyar shiga. Wannan maƙala ta ɗauki Harvard da Oxford da Jami'ar Tokyo da cibiyoyin fasaha na Indiya da manyan jami'o'in ƙasar Sin guda biyu, ta nuna cewa wannan kaso ba abu ɗaya yake aunawa a ƙasashen biyar ba, kuma ko a cikin jami'a guda ba wahala iri ɗaya ɗalibai suke sha ba. Ta kuma taɓo tsarin JAMB a wuraren da ya yi kama da nasu.

Gabatarwa

A ƙarshen watan Maris na 2024 Jami'ar Harvard ta Amurka ta sanar da cewa mutum 54,008 ne suka nemi shiga karatun digiri na farko, ta ɗauki 1,937. Kashi 3.59 cikin ɗari ke nan. A wannan watan kuma Jami'ar Tokyo, wadda babu kamarta a Japan, ta ɗauki kimanin mutum 3,000 daga cikin dubu tara da 'yan kai da suka nema, wato kusan ɗaya cikin uku. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce shiga Tokyo ya fi shiga Harvard sauƙi har wajen ninki tara. Da zai faɗi haka a gaban malamin sakandare a Japan, dariya zai sha.

Alƙaluman ba ƙarya ba ne. Matsalar tana wajen tambayar da ba a cika yi ba: su wane ne aka bari suka shiga layin tun farko?

Kason da ake iya ƙera shi

A Amurka kusan babu abin da ke hana ɗalibi neman Harvard. Jami'ar ba ta gindaya mafi ƙarancin maki ba. Fom ɗin bai ɗaya da ake kira Common App yana ba ɗalibi damar tura takardunsa zuwa jami'o'i har 20, kuɗin fom kuwa ana yafe wa marasa hali. Saboda haka yaron da ya san da ƙyar ne ya shiga, ba abin da zai rasa don ya jarraba sa'arsa. Su ma jami'o'in suna son hakan, har wasiƙu suke aika wa ɗalibai suna zuga su su nema, domin duk wanda ya nema aka ƙi shi ya ƙara wa jami'ar kwarjini a takarda.

Annobar korona ta fito da wannan fili. A 2020 wuraren rubuta jarrabawar SAT da ACT sun rufe, jami'o'i da yawa suka ce ba dole ba ne a kawo sakamakonsu. Masu neman Harvard suka tashi daga dubu 40 da 'yan kai zuwa sama da dubu 57 a shekara guda, kason ya faɗo daga 4.92 zuwa 3.43. Kujeru ba su ragu ba, kuma babu wanda zai ce yaran Amurka sun ƙara ilimi a shekarar da suka yi zaune a gida. Layin ne kawai ya ƙara tsawo. Daga baya MIT ta maido da sharaɗin jarrabawar a 2022, Dartmouth da Yale da ita Harvard ɗin suka bi sahu a 2024.

Jami'ar Chicago wani misali ne. Wajen 2005 tana ɗaukar kusan kashi 40 na masu nemanta. Bayan ta koma amfani da fom ɗin bai ɗaya, ta kuma dage da tallata kanta, yau kasonta yana wajen kashi 5. Can ma da tana cikin jami'o'in da suka fi tara masu lambar yabo ta Nobel, lokacin da take ɗaukar huɗu cikin goma. Wasu daga cikin masu ruwa da tsaki sun gane inda aka dosa: a 2018 Stanford ta daina yin shelar kasonta, mujallar U.S. News kuma, wadda jerinta ya fi tasiri a ƙasar, ta cire wannan kaso daga lissafinta a shekarar.

Inda aka kafa rariyar

Kowace babbar jami'a tankaɗe take yi. Bambancin shi ne inda ta ajiye rariyar. Amurka ta ajiye tata bayan an cike fom, shi ya sa ake ganin tulin tsakin da ta zubar. Sauran ƙasashen sun ajiye tasu tun kafin fom, kuma waɗanda suka zube a can ba a ƙirga su.

A Birtaniya hukumar UCAS ce ake bi, zaɓi biyar kacal ake ba ɗalibi. Ba a yarda ya nemi Oxford da Cambridge a shekara ɗaya ba, sai ya zaɓi guda, kuma a rufe karɓar takardu tun 15 ga Oktoba, watanni uku kafin na sauran jami'o'i. Makin da ake buƙata a jarrabawar A-Level a rubuce yake, daga AAA zuwa sama, kuma makarantar yaro ce ke aika hasashen makin da zai ci. Malamin da ya san ɗalibinsa ba zai kai ba, shi zai fara hana shi ɓata zaɓi ɗaya cikin biyar. Bayan wannan akwai jarrabawar shiga ta musamman a kwasa-kwasai da yawa, sannan ganawa da malaman sashen a watan Disamba, inda za a ba yaro matsalar da bai taɓa gani ba a zuba masa ido a ga yadda tunaninsa ke tafiya. Oxford kan samu masu nema wajen dubu 23, ta ɗauki kimanin 3,300, wato ɗaya cikin bakwai. Amma waɗannan bakwai ɗin kusan dukkansu zakarun ajinsu ne.

Na Japan ya fi haka tsauri. A tsakiyar Janairu ake yin jarrabawar ƙasa baki ɗaya. Ɗalibi ya lissafa makinsa da kansa, manyan makarantun share fage su gaya masa matsayinsa a cikin dubban masu son jami'ar da yake so, sannan ya yanke shawara. Jami'ar gwamnatin ƙasa guda ɗaya zai iya nema a zagayen farko, domin duk rana ɗaya suke yin jarrabawarsu, 25 ga Fabrairu. Wanda ya nemi Tokyo ya faɗi, sau da yawa shekara guda zai ƙara yana lesin ya sake dawowa. Da irin wannan kasada, ba mai zuwa gwada sa'a. Dubu taran nan su ne suka rage bayan sauran sun auna kansu sun janye.

Indiya kuwa ta ba mai nazari damar zaɓar adadin da ya ga dama. Cibiyoyin fasaha da ake kira IIT, waɗanda aka fara kafa ta farkonsu a Kharagpur a 1951, yanzu sun kai 23, kuma gurabensu na digirin farko ba su kai dubu 18 ba a 2024. Jarrabawar mataki biyu ce. Ta farko, JEE Main, mutum wajen miliyan 1.4 suka zauna mata a shekarar. Daga ciki aka ba dubu 250 na sama damar shiga ta biyu, JEE Advanced, kimanin dubu 180 suka rubuta. In aka raba guraben da masu jarrabawar farko, kaso ɗaya da ɗan ɗori ne cikin ɗari, a ce IIT ta ninka Harvard wuya sau uku. In aka raba da masu ta biyu, kusan kashi 10 ne, a ce Harvard ce ta ninka ta sau uku. Duka lissafin biyu daidai ne, kuma duka ana buga su a jarida, ya danganta da abin da marubucin yake son nunawa.

A ƙasar Sin babu ma maganar neman shiga kafin jarrabawa. Jarrabawar Gaokao ake yi daga 7 ga Yuni, yawancin larduna bisa maki 750, kuma a mafi yawan wurare sai sakamako ya fito ɗalibi zai cike jerin jami'o'in da yake so. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajista. Jami'ar Tsinghua da Jami'ar Peking, in aka haɗa su, wajen dubu bakwai suke ɗauka a shekara. Wannan ne ke ba da adadin da ake tsorata mutane da shi, ɗaya cikin kusan dubu biyu.

To amma a nan an ƙirga kowa da kowa ne, har da miliyoyin da ba su taɓa mafarkin Tsinghua ba. Adalci shi ne a yi wa sauran irin wannan lissafi. Sama da yara miliyan uku da rabi ke kammala sakandare a Amurka duk shekara, ajin farko na Harvard kuwa bai kai 1,700 ba. Shi ma ɗaya cikin dubu biyu da wani abu ne. Japan tana da 'yan shekara 18 miliyan ɗaya da 'yan kai, saboda haka kujerun Tokyo dubu uku sun kama kusan uku cikin dubu. Birtaniya ba ta da 'yan shekara 18 miliyan guda, Oxford da Cambridge kuma suna ɗaukar kusan dubu bakwai, wato ba su yi nisa da ɗaya cikin ɗari ba. Da wannan ma'auni jerin ya juye: Tokyo mai ɗaukar ɗaya cikin uku ta fi Oxford mai ɗaukar ɗaya cikin bakwai ƙarancin kujera. A ganin mai wannan maƙala, yawan kujeru a kan yawan sa'o'in haihuwa shi ne ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya idan ana kwatanta ƙasa da ƙasa, duk da cewa shi ma bai kula da baƙin ɗalibai ba.

Layi-layi ne a ƙofar Harvard

Ko da an gyara ma'aunin, kaso ɗaya tal yana ba da hoton cewa duk masu nema a layi ɗaya suke. Shari'ar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta yi da Harvard ce ta tona wannan. Ƙungiyar ta zargi jami'ar da danne 'yan asalin Asiya, aka yi zaman shari'a a Boston a 2018, kotu ta tilasta wa jami'ar fito da bayanan ɗaukar ɗalibai na shekaru shida. Abin da aka gani a ciki ya wuce batun 'yan Asiya. A shekarun nan, yayin da gama-garin masu nema ke samun gurbi a kan kashi 6 cikin ɗari, 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka. 'Yan wasan da masu horarwa suka zaɓo kuwa sun haura kashi 80. Akwai kuma wani jeri na musamman a ofishin shugaban sashen ɗaukar ɗalibai, wanda sunayen 'ya'yan masu ba jami'ar gudunmawa suka yi yawa a cikinsa.

Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke da abokan aikinsa biyu sun lissafa cewa kashi 43 na fararen fatar da Harvard ta ɗauka sun fito ne daga waɗannan rukunai: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'yan jerin musamman, da 'ya'yan ma'aikata. Ya kamata a sani shi Arcidiacono shaidan masu ƙara ne a shari'ar. Sai dai a 2023 Raj Chetty, wanda malami ne a Harvard ɗin kanta, tare da David Deming da John Friedman, sun duba manyan jami'o'i 12, suka samu cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya mafi arziki a ƙasar ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen yiwuwar zama ɗalibinsu, ko da makinsu na SAT ɗaya ne. A ranar 29 ga Yuni, 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar, ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Fifikon 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kuwa hukuncin bai taɓa shi ba. MIT ba ta yin sa, Johns Hopkins da Amherst sun daina, Harvard ba ta bi su ba.

Tsarin duba "halayyar" ɗalibi a madadin makinsa kaɗai yana da tarihin da ba a cika son tunawa ba. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddiginsa zuwa shekarun 1920, lokacin da Yahudawa suka haura kashi 20 na ɗaliban Harvard ta hanyar cin jarrabawa, shugaban jami'ar A. Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade yawansu. Da aka ƙi amincewa da ƙayyadewa a fili, sai aka shigo da wasiƙun shaida da tambayoyi kan asali da ɗabi'a. Tsarin ya canza manufa tun daga lokacin, kuma ya buɗe wa yara da yawa marasa gata hanya. Amma har yau ma'auni ne da mai riƙe da shi kaɗai ya san nauyin duwatsunsa.

Inda babu tabbas kuwa, dillalai ba sa rasa kasuwa. A watan Maris na 2019 masu gabatar da ƙara na tarayya suka bankaɗo harkar William Singer, wanda iyaye suka biya wajen dala miliyan 25 don ya shigar da 'ya'yansu Yale da Stanford da Jami'ar Kudancin Kalifoniya da wasu. Ya sa a gyara musu amsoshin jarrabawa, ya ba masu horar da 'yan wasa cin hanci su ce yaran gwanaye ne a wasannin da ba su taɓa yi ba. 'Yar fim Lori Loughlin da mijinta sun biya dala dubu 500 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu a matsayin masu tseren kwalekwale. Ta yi wata biyu a gidan yari, shi Singer aka yanke masa shekara uku da rabi.

Rabon gurabe

Ƙasashen da suka dogara da jarrabawa ma ba layi ɗaya gare su ba, sai dai nasu a rubuce yake. Indiya ta keɓe kashi 15 na guraben IIT ga Dalit, kashi 7.5 ga ƙabilun da ke jadawalin gwamnati, kashi 27 ga sauran rukunan al'umma da aka bari a baya, sannan daga 2019 kashi 10 ga talakawan da ba sa cikin waɗannan. Kowane rukuni da matakin makinsa.

A Sin lardi ne ke raba gardama. Kowace jami'a tana ware wa kowane lardi adadin kujerunsa, yaro kuma dole ya rubuta jarrabawa inda rajistar gidansu take. Lardin Henan kan fitar da ɗalibai sama da miliyan ɗaya a shekara, birnin Beijing kuwa ba ya kai dubu ɗari, amma kujerun da Tsinghua da Peking ke ba Beijing ba su gaza na Henan ba. Damar ɗan Beijing ta ninka ta ɗan Henan fiye da sau goma. Shi ya sa wasu iyaye ke sauya wa 'ya'yansu rajista zuwa lardin da gasa ba ta yi zafi ba, hukuma kuma tana farautarsu.

Mai karatu daga Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan. Tun kafa JAMB a 1978 jarrabawa ɗaya ake yi, amma jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, waɗanda mafi yawansu a Arewa suke. A 2024 wajen mutum miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar UTME ta JAMB, kusan uku cikin huɗu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Jami'ar Ilorin ta yi shekaru a jere tana gaba da kowa a yawan masu nema, kuma babban dalilin da ɗalibai suka riƙa bayarwa shi ne a lokacin ta daɗe ba ta shiga yajin aikin ASUU ba. Yawan masu nema ke nan ya auna tsoron yajin aiki. Haka kuma duk wanda ya nemi likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ya san sunan jami'ar ɗaya ne da na abokinsa mai neman wani kwas, amma gasar ba ɗaya ba ce, tun da hukumar kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Oxford ma haka take: kwas ɗin Tattalin Arziki da Gudanarwa kusan ɗaya cikin ashirin yake ɗauka, na Latin da tsohon Girkanci kuwa wajen ɗaya cikin uku.

Wahala iri biyu, da hukuncin wannan maƙala

Yaron da ke son IIT ya san abin da ake nema a wurinsa: lissafi, fiziks da kemistiri, kuma sau biyu kawai aka yarda ya gwada jarrabawar ƙarshe. Farashin shi ne ƙuruciyarsa. Dubban yara kan bar gidajensu su tare a garin Kota na jihar Rajasthan shekara biyu suna lesin, kuma a 2023 kaɗai sama da ashirin daga cikinsu suka kashe kansu. Makarantar Hengshui a lardin Hebei na Sin ta yi suna da jadawalin da ke ƙayyade wa ɗalibi kowane minti daga asuba zuwa dare. Yaron da ke son Harvard kuwa zai iya cin maki mafi girma a kowace jarrabawa a ƙi shi, kuma ba wanda zai gaya masa dalili.

Ga ɗan Kano ko ɗan Damagaram akwai ƙarin shinge. MIT, wadda ke ɗaukar kashi 4 zuwa 5 gaba ɗaya, wajen kashi 2 take ɗauka daga cikin baƙi. Oxford da Cambridge ba sa karɓar sakamakon WAEC shi kaɗai, sai A-Level ko makamancinsa, kuɗin makarantar baƙo a Oxford kuma ya haura fam dubu 30 a shekara. A nan sai Amurka ta yi zarra, domin Harvard da Yale da Princeton da MIT suna cikin 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi, kuma suna biya masa abin da iyayensa suka kasa.

In dole sai an kama suna, ɗan lardin Henan mai neman Tsinghua ko Peking shi ne a layin da ya fi kowanne tsawo, mai neman Harvard da ba shi da uwa a gindin murhu kuma shi ne a layin da ba a san ƙa'idarsa ba. 'Yan jarida da malaman da ke ba ɗalibai shawara su daina kawo kason shiga shi kaɗai. Duk lokacin da za su ambace shi, su faɗi wane kwas ake nufi, su kuma faɗi su wa aka ƙirga a cikin masu neman.